Gashin Ciwon Daji na Baki, Maƙogwaro da Wuya: Yadda Za Ka Rage Zafi, Ka Kai Ƙarshen Magani

Wannan ɗan littafi naka ne idan likita ya ce kana da ciwon daji a baki, ko harshe, ko maƙogwaro, ko bayan hanci, ko wuya, kuma ya tura ka babban asibiti domin a yi maka gashi. Na mai jinyarka ne kuma, da iyalinka, da duk wanda zai taimake ka. Mun rubuta da "kai", amma maganar ta shafi mace da namiji daidai. Idan ba ka iya karatu ba, ka sa wani ya karanta maka a hankali, sashe bayan sashe.

Gaskiyar da za mu fara faɗa maka ita ce: wannan magani yana da wuya. Baki zai yi ciwo, haɗiya za ta yi zafi, jiki zai gaji. Mutane da yawa sukan kai tsakiya su ce sun gaji, su koma gida. Amma ciwon daji na wannan wuri yana cikin waɗanda gashi yake iya warkarwa, musamman idan an kama shi da wuri, kuma aka yi maganin har ƙarshe. Zafin kuma yana da magani.

MENE NE GASHI?

Kalmar tana tsorata mutane, suna zaton wuta za a sa musu. Babu wuta a ciki. Na'ura ce babba take aika wani irin haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. A takardar asibiti sunansa radiyoterapi. Hasken yana ratsa fata ya lalata ƙwayoyin ciwon daji, ya hana su hayayyafa.

Kafin a fara, za a yi maka hoto, a kuma yi maka wani abin rufe fuska na roba mai huji-huji daidai da siffar fuskarka. Aikinsa shi ne ya riƙe kanka wuri ɗaya domin hasken ya faɗa inda ake so kowace rana. Kana iya numfashi a cikinsa sosai. Za ka kwanta kai kaɗai a ɗakin na minti 10 zuwa 20, ma'aikata suna ganinka, suna kuma jin muryarka daga waje. A lokacin ba za ka ji zafin komai ba.

Yawanci ana yin gashin sau ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, har mako 6 ko 7. Wato zuwa 30 ko 35 ke nan. Wasu ana haɗa musu da maganin daji na ƙarin ruwa, wanda ake kira kemo, domin ya ƙara wa gashin ƙarfi.

Idan ka fito daga ɗakin, babu hasken da ya rage a jikinka. Kana iya ɗaukar jikanka, ka ci abinci kwano ɗaya da iyali, ka kwana ɗaki ɗaya da matarka. Ciwon dajin ma ba a ɗaukarsa ta tari ko ta kwano ko ta gaisuwa. Ba sammu ba ne, ba kuma hukunci ba ne. Manyan abubuwan da suke jawo shi su ne taba, ta sha da ta tauna da ta shaƙa, da giya, da wasu ƙwayoyin cuta. Akwai kuma waɗanda suke kamuwa ba su taɓa shan komai ba.

ME YA SA BA A SON TSALLAKE RANA?

Ka tuna gonarka da damina. Idan ka yi noman farko ka tsaya, ba ka koma ka yi maimai ba, ciyawar da ta rage takan taso da ƙarfi ta cinye gero. Haka ciwon daji yake. Gashin kowace rana yana kashe wani kashi na ƙwayoyin. Waɗanda suka rage, daga wajen mako na huɗu, sukan ƙara saurin hayayyafa. Duk ranar da ka tsallake, ka ba su dama su mayar da abin da aka rage. Shi ya sa kwanakin da aka ƙara a kan lokacin da likita ya tsara suke rage damar warkewa.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, kumburin wuya yakan ragu a mako na uku ko na huɗu, sai mutum ya ce ai ya warke. Saiwar tana nan tukuna. Na biyu, daidai wannan lokaci ne baki yake fara ciwo sosai, sai mutum ya ce maganin ne yake ƙara masa cuta. Wannan ciwon baki abu ne da likita ya san zai zo, kuma zai warke bayan an gama. Wurin da aka yi wa gashi da yawa kuwa, da wuya a iya sake masa wani cikakken gashi daga baya. Saboda haka wannan zuwan shi ne babbar damarka.

Idan na'ura ta lalace, ko ranar hutu ta faɗo, ko rashin lafiya ta hana ka zuwa, ka tambayi likita yadda za a rama. Wani lokaci akan ƙara ranar Asabar, ko a yi sau biyu a rana ɗaya da tazarar aƙalla awa 6.

SHIRI KAFIN KA BAR GIDA

Na'urar gashi tana manyan birane kaɗai. Mutumin Kamaru da ke arewa zai yi doguwar tafiya zuwa kudu, irin su Duwala. A Nijar an buɗe wurin gashi na farko a Yamai a shekarar 2021. Ka ɗauka za ka yi wata biyu ba ka gida, ka yi shiri a kan haka.

1. Ka zauna da iyali ku yi lissafin kuɗin magani, da na mota, da na masauki, da na abinci na dukan kwanakin. Ƙarewar kuɗi a tsakiya yana cikin abubuwan da suka fi mayar da mutane gida.
2. Ka sami mai jinya ɗaya mai haƙuri da zai zauna da kai, wanda zai iya dama kunu da lura da lokacin magani.
3. Ka danƙa gona da dabbobi a hannun wani, domin kada girbi ko shuka ya kira ka gida.
4. Ka nemi masauki kusa da asibiti.
5. Ka ga likitan haƙori. Haƙorin da ya ruɓe gara a cire shi tun kafin gashi, da kamar mako biyu, domin wurin ya warke.
6. Ka bar taba da giya da goro tun yau. Wanda yake shan taba a lokacin gashi bakinsa ya fi ciwo, maganin kuma ba ya yi masa aiki yadda ya kamata.
7. Ka tara takardunka da hotunanka da sakamakon gwajin tsoka a jaka ɗaya.

ABIN DA ZA KA JI, MAKO BAYAN MAKO

Mako na 1 da na 2: yawanci babu ciwo sosai. Baki zai fara bushewa, ɗanɗanon abinci ya fara canzawa. Ka ci sosai a wannan lokaci, ka tara ƙarfi.

Mako na 3 da na 4: cikin baki da maƙogwaro za su yi ja, gyambuna su fito, haɗiya ta yi zafi. Miyau zai yi kauri yana yauƙi. Fatar wuya za ta ƙara duhu, tana ƙaiƙayi. Gemu zai zube a inda hasken yake bi.

Mako na 5 zuwa na 7: nan ne wuyar take. Abinci ba ɗanɗano, murya ta dushe, gajiya ta yi yawa, fata tana iya saɓulewa.

Bayan an gama: ciwon yakan ci gaba, har ma ya ƙaru, na mako ɗaya ko biyu. Kada wannan ya tsorata ka. Daga nan sai sauƙi ya fara zuwa. Gyambunan baki yawanci sukan warke cikin mako 4 zuwa 6.

MAGANIN ZAFI

Mu ma'aikatan jinya mun san mutanenmu da dauriya. Za a tambayi dattijo yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhali kwana uku bai haɗiye komai ba. A wannan jinya ɓoye ciwo yana cutarwa, domin wanda bakinsa yake zafi ba zai ci ba, wanda bai ci ba kuma ba zai iya kai ƙarshe ba. Ka faɗi gaskiya. Idan an tambaye ka, ka auna zafin daga 0 zuwa 10, ko ka nuna da yatsu. Ka faɗi inda yake, da lokacin da ya fi tsanani, da ko yana hana ka barci.

Ga dokoki uku:

Ka sha magani a kan lokacinsa, kada ka jira sai zafi ya taso. Tare zafi ya fi sauƙi a kan kwantar da shi bayan ya yi ƙarfi.

Ka daidaita shan maganin da cin abinci. Ka sha kamar minti 30 kafin ka ci, domin ya fara aiki kafin haɗiya.

Idan maganin ya daina isa, ka koma ka faɗa a ranar. Akwai na gaba da shi.

Ana farawa da farasitamol. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a yini da dare, wato ƙwaya 8 mai miligiram 500, biyu-biyu da tazarar awa 6. Wanda ya rame ƙwarai ko mai ciwon hanta, likita zai rage masa. Wuce wannan adadi yana lalata hanta. Farasitamol kuma yana ɓoye zazzaɓi, don haka mai karɓar kemo ya auna zafin jikinsa kafin ya sha.

Kada ka sayi ibufurofen ko diklofenak da kanka, musamman idan ana yi maka kemo ko ba ka shan ruwa sosai. Suna iya taɓa ƙoda da ciki. Kada ka sayi taramol ko wata ƙwaya a hannun masu talla a kasuwa ko tasha. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san ƙarfinsa ba.

Idan zafi ya yi tsanani, likita yana iya rubuta maka mofin, sau da yawa na ruwa, wanda ake sha kowace awa 4. Mutane suna tsoronsa. Wasu suna cewa maganin masu mutuwa ne, wasu suna cewa zai mayar da mutum ɗan ƙwaya. Marasa lafiya da yawa sun sha shi na 'yan makonni a lokacin gashi, bakinsu ya warke, likita ya rage musu kaɗan-kaɗan har suka bari. Abin da za ka sani game da shi: yana ɗaure ciki, don haka a ba ka maganin sakin ciki tare da shi tun ranar farko. Yana iya sa tashin zuciya da gyangyaɗi a kwanakin farko, sannan su lafa. Kada ka ƙara da kanka, kada ka yanke shi rana ɗaya, kada ka haɗa shi da giya ko maganin barci. Ka ɓoye shi inda yara ba za su kai ba, kada kuma ka ba wani.

Akwai kuma maganin da ake kurkura ko shafawa mai sa baki ya yi sanyi ya daina jin zafi na ɗan lokaci. Idan an ba ka, ka ci a hankali, domin baki da ba ya ji yana da saurin cizon harshe da ƙwarewa.

KULA DA BAKI

Wannan aiki ne na hannunka, kuma ba ya cin kuɗi. Ka tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce. Ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, da garin bikarbonat cokali ɗaya, wanda ake samu a kantin magani. Kada ka sa kanwa a madadinsa. Ka kurkure baki da maƙogwaro ka tofar, bayan kowane cin abinci, da kafin barci, da duk lokacin da miyau ya yi kauri, aƙalla sau 6 a rana. Ka haɗa sabo kowace safiya. Ka fara tun ranar farko ta gashi, kafin ciwo ya zo.

Ka goge haƙora sau biyu a rana da buroshi mai laushi irin na yara da man goge baki. Ka jiƙa buroshin a ruwan ɗumi ya ƙara laushi. Ka ajiye asawaki mai tauri da gawayi da toka da tsinken sakace a yanzu. Kada ka yi amfani da ruwan wanke baki na kanti mai yaji.

Ka duba bakinka a madubi kowace rana. Idan ka ga fari-fari kamar guntun nono a harshe ko kumatu, tare da ƙarin zafi, ka nuna wa ma'aikacin jinya. Wata cuta ce mai saurin kama bakin da ake wa gashi, maganinta kuma yana aiki cikin 'yan kwanaki.

Kada ka bari wanzami ya taɓa wurin. Ba yankan belu, ba tsaga, ba ƙaho, ba sakiya a kan kumburin. Wurin da ake wa gashi ba ya warkewa da sauri, kuma jini yana iya ɓallewa. Garin magani ko jiƙon da wani ya kawo maka, ka nuna wa likita kafin ya shiga bakinka.

ABINCI DA RUWA

A wannan lokaci ka ɗauki abinci kamar magani: ana shansa ko babu daɗi. Ka ci kaɗan-kaɗan sau 6 zuwa 8 a rana. Komai ya zama mai laushi, mai ruwa-ruwa, mai ɗumi kaɗan ko mai sanyi.

Abin da yake taimako: kunun gyaɗa da madara, koko marar tsami, fura da aka dama ta yi laushi da kindirmo marar tsami, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, alala mai taushi, wake da ya dahu ya narke, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka ba barkono, faten dankali ko kabewa, ayaba nunanniya, piya, kifi da aka cire wa ƙaya, romon nama da aka niƙa. Ka ƙara cokalin mai, ko man shanu, ko garin madara, ko tunkuzar gyaɗa a kowane kwano, domin loma kaɗan ta ba da ƙarfi mai yawa.

Abin da za ka bari tukuna: barkono, yaji, citta, tsamiya, lemun tsami, zoɓo, lemun kwalba, shayi mai zafi, ƙuli-ƙuli, kilishi, tsire, ƙanzo, busasshen burodi, goro, da kowace irin giya har da burkutu.

Ka sha ruwa aƙalla lita 2 a rana, kurɓi-kurɓi. Ka riƙe gora a hannunka duk inda za ka. Idan fitsari ya yi ja ya ragu, ruwan bai isa ba.

A auna nauyinka kowane mako. Mai kilo 60 da ya rasa kilo 3 ya kamata ya faɗa wa likita. Rama tana raunana jiki, tana kuma sa abin rufe fuskar ya yi maka yawa. Idan haɗiya ta gagara, za a iya sa maka siririyar roba ta hanci zuwa ciki domin kunu da madara da magani su wuce. Kada ka ƙi. Gada ce ta 'yan makonni, ana cire ta idan baki ya warke. Ko da robar, ka ci gaba da haɗiyar ruwa kaɗan kowace rana idan likita ya yarda, domin maƙogwaro kada ya manta aikinsa. Ka riƙa buɗe baki iyakar iyawarka sau da yawa a rana, don kada muƙamuƙi ya ƙage.

Idan lokacin azumi ya same ka cikin wannan jinya, ko kai Kirista ne ko Musulmi, ka gaya wa fastonka ko malaminka abin da likita ya ce: jikinka yana bukatar ruwa da abinci da magani a kan lokaci. An san uzurin marar lafiya.

KULA DA FATA

Ka wanke wuya da fuska da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi. Kada ka dirje da soso. Ka ɗan danna da tsumma mai laushi ya bushe. Kada ka goge alamar da ma'aikata suka zana. Kada reza ko aska ta taɓa wurin. Ban da turare, da man zafi, da man ƙara hasken fata, da hoda. Ka sa riga mai faɗin wuya, ka kare wurin daga rana da hula ko mayafi mai laushi. Ka tambayi ma'aikatan gashi man da za ka shafa da lokacin shafa shi. Idan fata ta saɓule tana ruwa, ka nuna musu, kada ka barbaɗa komai.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Ka je asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

- numfashi yana yi maka wuya ko yana ƙara;
- jini yana fita daga baki ko hanci ko wuya bai tsaya ba;
- zafin jiki ya kai digiri 38, ko kana rawar sanyi, musamman mai karɓar kemo, kada ka ce zazzaɓin sauro ne ka sha magani a gida;
- ka yini ba ka iya haɗiye ruwa ba, ko amai ya ƙi tsayawa;
- fitsari ya ragu ƙwarai, ko jiri yana ɗibarka idan ka miƙe;
- kana ƙwarewa da tari duk lokacin da ka sha abu;
- mai shan mofin ya yi barcin da tashinsa yake wuya, ko ya ruɗe.

GA MAI JINYA DA JAMA'A

Mai jinya, ka sami littafi ka riƙa rubuta lokacin magani, da yawan kofin ruwa da kunu da marar lafiya ya sha, da ranakun gashin da aka yi. Kowace rana ku ja layi ɗaya, ya ga kwanakin suna raguwa. Kada ka yi masa faɗa idan ya kasa ci. Ka kawo kaɗan, bayan awa ɗaya ka sake kawowa. Idan magana tana masa wuya, ku yi da hannu ko da rubutu. Idan ya ce zai bari, kada ku hau mota sai kun ga likita tare, domin sau da yawa ƙara maganin zafi ko sa robar abinci shi ne abin da ake bukata. Kai ma ka ci, ka yi barci.

Jama'ar ikilisiya da maƙwabta, taimakonku yana iya zama abin da zai sa mutum ya kai ƙarshe. Ku yi masa addu'a, ku haɗa da gudummawar kuɗin mota da masauki. Matasa su yi gayya a gonarsa. Zumuntar mata ta duba yaran da aka bari a gida. Ku kira shi a waya ko da ba zai iya doguwar amsa ba. Kada kowa ya ba shi shawarar barin asibiti don an ji labarin wani mai magani a wani gari.

BAYAN KA DAWO GIDA

Ka ci gaba da kurkure baki da abinci mai laushi har gyambo ya warke. Ɗanɗano yakan dawo a hankali cikin watanni. Bushewar baki tana iya daɗewa, ga wasu ma ba ta tafiya gaba ɗaya. Bakin da babu miyau kuwa haƙoransa suna saurin ruɓewa, saboda haka ka rage sukari, ka riƙe goge baki safe da dare. Kada ka taɓa yarda a cire maka haƙori, ko bayan shekaru ne, ba tare da ka faɗi cewa an yi maka gashi ba, domin ƙashin muƙamuƙi yana iya ƙin warkewa.

Gashi yana ci gaba da aiki a jiki bayan an gama, shi ya sa likita yakan jira kamar wata uku kafin ya auna sakamako. Ka je kowace ranar da aka ba ka ta dubawa, ko kana jin lafiya. Idan ka ga sabon kumburi, ko gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ciwon kunne da ya ƙi tafiya, ko haɗiya ta sake yin wuya, kada ka jira ranar, ka zo. Kada ka koma wa taba da giya.

Idan akwai abin da ba ka gane ba a cikin wannan littafi, ka kawo shi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da kai, mu karanta tare. Allah ya ba da lafiya, ya sa a gama lafiya.